Abin Da Ba A Saye A Kasuwar Jega

Tun zamanin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega a bakin Gulbin Zamfara, an san garin da ciniki. A da fatake ne ke sauka cikinsa da jakuna da takarkarai, suna kawo goro da gishiri da kanwa da tufafi. Yau kuwa manyan motoci ne ke tsayawa, gama a nan hanyar Sakkwato ta gamu da ta Birnin Kebbi da wadda ta nufi Yawuri. Yaron da ya tashi a irin wannan gari ya kan koyi abu guda tun bai iya ƙirga ba, watau ko wane abu da kuɗinsa. In mai saye ya taya aka ce masa albarka, sai ya ƙara. In aka sallama masa, sai ya biya. Ba a ɗaukar ko mudun gero sai an ajiye abin da ya yi daidai da shi.

Yawancin mutanen Jega, da na Aliero da ke kan hanyar Sakkwato, da na Maiyama da ke kudu, Musulmi ne, talakawan Sarkin Gwandu. Amma a cikinsu akwai wata jama'a 'yar kaɗan da ke taruwa a majami'a ran Lahadi, watau Kirista. Waɗansunsu 'yan kasuwa ne daga kudu, waɗansu ma'aikata ne da malaman makaranta, waɗansu mutanen ƙasar Zuru ne, waɗansu kuma ɗalibai ne na jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006. Tushen addininsu magana ce da ta saɓa wa ƙa'idar kasuwa. Suka ce abin da ya fi kome tsada, watau ceton rai, ba a sayensa, kyauta ce Allah ke bayarwa bisa ga ikonsa. Mutum ya kan shekara ashirin rumfarsa na manne da ta Kirista, bai taɓa jin abin da maƙwabcin nan nasa ke nufi da wannan magana ba. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu, don haka ya kamata a warware ta dalla-dalla.

Kalmomi biyu ne ke riƙe da maganar. Ta fari ita ce ikon Allah, watau shi ne Sarki, ba mai tilasta masa, ba mai binsa bashi, abin da ya nufa shi ke kasancewa. Wannan ba baƙon zance ba ne ga Bahaushe. Ta biyu ita ce alheri. Sa'ad da Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa suka juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga shi cikakke a 1932, kalmar da aka ɗauka ke nan don fassara wannan babban al'amari. Kowa ya san alheri a zaman duniya, har a kan ce alheri gadon barci ne, a kan kuma ce danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Sai dai a lura, waɗannan karin magana suna kallon abin da mai alheri zai samu daga baya. Alherin da Kirista ke nufi ya wuce nan. Kyauta ce da a ke yi wa wanda bai cancanta ba, wanda ba shi da abin ramawa, wanda ma ya yi wa mai kyautar laifi.

To, me ya hana mutum ya biya? Kirista suka ce zunubi ba ƙura ba ce da ta hau kan riga, a kaɗe ta ta faɗi. Ciwo ne da ya shiga jinin 'yan Adam tun daga saɓon Adamu, har ya karkatar da zuciya kanta. Mutum ya kan san abin kirki, ya so shi, amma ya iske ya aikata kishiyarsa. Ban da wannan, duk abin da zai miƙa wa Allah, ko dukiya, ko ƙarfi, ko kwanakin ransa, tun asali na Allah ne. Yana kama da bara wanda ya cinye jarin ubangidansa, sa'an nan ya ɗebo hatsi daga rumbun ubangidan ya kawo ya ce ga biyan bashi. Don haka suka ce Allah da kansa ya ɗauki nauyin biyan, ta wurin mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye da tashinsa daga matattu. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya tuba, ya ba da gaskiya, ya karɓa.

Mutumin Aliero ba zai sha wuyar gane wannan ba, gama garinsu ya yi suna wajen ɗori kamar yadda ya yi suna wajen albasa. Daga garuruwa masu nisa a kan kawo wanda ya karye a cinya ko a ƙwauri. Ba da ƙafarsa ya ke zuwa ba, ɗauko shi a ke yi. Ba ya iya gyara ƙashinsa, ko da ya fi kowa sanin inda ya ke masa ciwo. Maɗori ne zai ja, ya daidaita, ya sa karan ɗori, ya ɗaure. Shi kansa maɗorin ya san ba hannunsa ke haɗa ƙashi ba, Allah ne mai warkarwa. Bayan 'yan makonni sai a ga mutumin ya miƙe da sanda, daga baya ya yar da sandar. Ba wanda zai ce tafiyar ce ta warkar da shi. Warkewa ce ta haifi tafiya. Haka Kirista ke kallon aikin kirki: alama ce ta wanda aka warkar, ba kuɗin magani ba. Sai dai misalin ya gaza a wuri guda, domin a kan sallami maɗori, amma a wancan ɗori ba a karɓar ko anini.

Akwai wani misali da Yesu ya bayar, yana cikin Bisharar Matiyu, sura ta 20, wanda duk mai ɗaukar 'yan ƙwadago zai ji shi har cikin ransa. Wani mai gonar inabi ya fita da sassafe ya ɗauki ma'aikata, suka shirya a kan dinari guda wuni. Da hantsi ya koma kasuwa ya ƙaro waɗansu, haka da tsakar rana, haka da azahar, har saura sa'a guda a tashi ya iske waɗansu suna zaune ba wanda ya ɗauke su, su ma ya tura su gona. Da aka zo sallama, sai ya ba kowa dinari guda. Waɗanda suka sha rana tun safe suka yi gunaguni. Mai gona ya nuna musu bai rage musu kome daga abin da aka yi alkawari ba, kuma dukiyarsa ce, yana da ikon yin kyauta da ita. A wannan misali ikon Allah da alherinsa suka haɗu. Ba a zalunci na safe ba, an dai yi wa na yamma kyauta.

Daga nan sai tambaya mai wuya ta taso. In ceto kyauta ne, wa ke fara motsi? Allah ne ke zaɓen wanda zai ba, ko kuwa mutum ne ke miƙa hannu tukuna? In Allah ne ke zaɓe, ina laifin wanda ba a zaɓa ba? In kuwa mutum ne ke farawa, ashe yana da abin yin fahariya, gama ya fi maƙwabcinsa wayo. Manzo Bulus ya taɓa wannan magana cikin wasiƙarsa zuwa ga Romawa, inda ya kwatanta Allah da maginin tukwane, mutum kuwa da yumɓu. Bulus yana da dalilin faɗin haka, domin shi kansa yana kan hanyar Dimashƙu ne garin kama Kirista sa'ad da al'amarinsa ya juya. Bai fita neman ceto ba, ceto ne ya tare shi a hanya. Amma a cikin littafin nan guda akwai kira iri iri ga mutane su tuba su zaɓi hanyar rai, kira kuwa ba a yi wa dutse. Yadda za a haɗa waɗannan biyu shi ne abin da malaman Kirista suka yi shekara fiye da 1,500 suna muhawara a kai.

Babbar muhawara ta fari a ƙasar Afirka aka yi ta. A shekara ta 354 aka haifi Agustin a garin Tagas, cikin ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu. Uwarsa Monika Kirista ce mai yawan addu'a, shi kuwa ya tashi yaro mai kaifin hankali da bin son zuciya. Ya yi karatu a Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, ya koyar da fasahar magana a Rum da Milan. Ya daɗe yana so ya bar halinsa, ya kasa. Da ya juyo aka yi masa baftisma a 387, bai ga wannan a kan ƙoƙarinsa ba ne, ya gan shi a kan jan da Allah ya yi masa. Daga baya ya zama bishop na Hifo, garin da a ke kira Annaba yanzu, a can ya rasu a 430.

Abokin gardamarsa wani malami ne mai kamun kai daga tsibiran Birtaniya, sunansa Felajiyus. Shi ya ga yadda Kiristocin Rum suka yi sakaci, kowa na fakewa da raunin ɗan Adam, abin ya ɓata masa rai. Ya ce Allah ba zai umurci mutum da abin da ba zai iya ba, saɓon Adamu mugun misali ne kawai, kowa na iya bin gaskiya in ya ɗaura niyya. Agustin ya amsa da cewa niyyar kanta ita ce ta karye, sai an ɗora ta. Taron bishop-bishop da aka yi a Kartaj a 418 ya ƙi koyarwar Felajiyus. Wani taro kuma da aka yi a Oranj ta ƙasar Faransa a 529 ya tabbatar cewa ko farkon bangaskiya kyautar Allah ce, amma ya ƙi yarda da cewa Allah na ƙaddara wa wani ya aikata mugunta.

Bayan kusan shekara dubu maganar ta sake tashi a Jamus, wannan karon kuwa a kan kuɗi. Ana yawo da waɗansu takardu ana sayarwa, ana cewa suna rage wa mutum horon zunubi, shi ko danginsa da suka mutu, wani kashi na kuɗin kuwa ana kai shi ginin babbar majami'ar Bitrus a Rum. Wani malamin jami'a a Witinbag, Martin Luta, ya rubuta batutuwa 95 a 1517 yana sukar wannan ciniki. Ya tsaya a kan cewa ta wurin alheri kaɗai, ta hanyar bangaskiya kaɗai, Allah ke karɓar mai zunubi. Daga nan ikkilisiyar Turai ta rabu. Katolika suka yi nasu babban taro a Tirento daga 1545 zuwa 1563. Suka gyara ɓarnar da ke cikin sha'anin takardun, suka kuma bayyana cewa ba mai cancantar alherin farko da aikinsa, amma alheri na tashe nufin mutum don ya ba da haɗin kai, yana kuma iya ƙi.

A cikin waɗanda suka rabu da Rum ma ba a zama baki ɗaya ba. Jon Kalbin, Bafaranshe mazaunin Janiba, wanda ya fara buga babban littafinsa a 1536, ya ƙarfafa ikon Allah ƙwarai. Ya ce tun kafin a halicci duniya Allah ya zaɓi waɗanda zai ceta, ba don ya hango wani abin kirki gare su ba. Wani malami a Laidin ta ƙasar Holan, Yakubu Arminiyus, wanda ya rasu a 1609, ya ga wannan ya yi tsanani. Almajiransa suka rubuta batutuwa biyar a 1610, suka ce Almasihu ya mutu domin kowa, alheri na zuwa wa mutum tun bai nema ba, amma mutum na iya ture shi. Aka kira taro a garin Dot daga 1618 zuwa 1619, taron ya goyi bayan mabiya Kalbin, ya ce alherin da Allah ya nufa ya yi ceto ba ya komawa hannu wofi, wanda kuma aka ceta Allah zai riƙe shi har ƙarshe.

Taro bai kashe gardamar ba. A Ingila waɗansu mashahuran masu wa'azi biyu, abokan juna, Jon Wesli da Joj Witfil, suka saɓa a kanta wajen 1740, Wesli ya bi Arminiyus, Witfil ya bi Kalbin. Duk da haka da Witfil ya rasu a Amurka a 1770, Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi a London, kamar yadda mamacin ya so. A 1999 kuma, a birnin Ogsbag na Jamus, wakilan Katolika da na mabiya Luta suka sa hannu a takarda guda, suka yarda cewa ta wurin alheri kaɗai Allah ke karɓar mutum, ba don cancantarsa ba, shi ne kuma ke ba shi ikon aikata nagarta. Duk wanda ya zaga majami'un Jihar Kebbi zai iske jikokin waɗannan ra'ayoyi, wani na ƙarfafa zaɓen Allah, wani na ƙarfafa amsawar mutum. Amma da za a tambaye su wa ya fara, dukansu za su ce Allah ne.

Mai hankali zai ce, to, in haka ne, me zai hana mutum ya miƙe ƙafa ya ce an riga an biya? Ai an ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Amsar tana gona. Manomin Maiyama ya san ba shi ke saukar da ruwa ba. Ba ya iya kiran hadari, ba ya iya ƙara wa damina ko kwana guda. Amma ba a taɓa ganin ya rataye fartanya don ruwa na hannun Allah ba. Sanin cewa Allah na ba da ruwa shi ne ma ke fitar da shi sharar gona tun bazara. Haka mai albasa a Aliero: ya yafa 'yan ƙwayoyin iri baƙaƙe, ya yi dashe a fangali, ya yi ta ban ruwa cikin sanyin hunturu, alhali kuwa bai san yadda rai ke fitowa daga ƙwayar ba. Kirista suka ce haka al'amarin ya ke. Wasiƙar Yakubu, cikin littafinsu, ta ɗauki bangaskiyar da ba ta haifar da aiki kamar gawa. Wanda ya ce an yafe masa, sa'an nan ya ci gaba da tauye mudu, bakinsa ne kaɗai ya karɓi kyautar.

Tarihin zuwan wannan addini ƙasar Hausa ya nuna dogara ga ikon Allah ba ta sa mutum lalaci. A watan Disamba na 1893 waɗansu samari uku suka sauka Ikko daga Kanada da Amurka, Walta Gowans da Tomas Kent da Rolan Bingam, da nufin shiga ƙasar Sudan, watau arewa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya kuma Bingam ya koma gida da ciwo. Ya sake dawowa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a 1902 ƙungiyarsu, wadda aka sani da SIM, ta sami wurin zama a Fategi. In da lissafin kasuwa a ke bi, da an ce jari ya karye tun tafiyar fari. Su kuwa suka ɗauka cewa nasu shuka ne, tsirowa na Allah. Daga wannan aiki ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954, wadda da yawa daga majami'unta na arewa da Hausa su ke sujada.

Gwamnatin Turawa ta daɗe ba ta barin 'yan mishan su zauna cikin ƙasashen sarakunan Musulmi. A shekarun 1930 aka sassauta, aka danƙa wa SIM kula da masu ciwon kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, da Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina. A zamanin nan ba a sami maganin da ke kashe ciwon sarai ba tukuna, mai shi kuwa mutane na ƙyamarsa, ba shi da abin da zai saka wa kowa da shi. Wanke gyambon irin wannan mutum shi ne wa'azin alheri da ya fi shiga kunne, domin an yi shi ga wanda ba a jiran kome daga gare shi.

Musulmin da ya karanta wannan zai ga waɗansu abubuwa da ya sani. Malaman Musulunci su ma sun yi doguwar muhawara a kan ƙaddara. Jabariyya suka ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan, Ƙadariyya suka ce shi ke halittar aikinsa. Imamu Ash'ari, wanda malaman tauhidi na ƙasar Hausa suka daɗe suna karantar da tafarkinsa, ya bi tsakani: Allah ne mahaliccin ayyuka, bawa kuwa yana da kasabi, a kansa a ke yi masa hisabi. Musulmi kuma sun yarda cewa shiga Aljanna da rahamar Allah ne, ba da yawan aiki kaɗai ba. Amma ba daidai ba ne a ce duk abu guda ne. Musulunci bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, bai yarda ana gadon zunubin Annabi Adamu ba, ya kuma koyar da cewa ba mai ɗaukar nauyin laifin wani. Ga Kirista kuwa gicciyen nan shi ne ƙofar alheri duka. Bambancin babba ne, ɓoye shi ba ya ƙara zumunci. Abin da ke ƙara zumunci shi ne kowa ya san ainihin abin da ɗan'uwansa ya riƙe, kada ya ɗora masa abin da bai faɗa ba.

Ga Kirista kansa, wannan koyarwa tana tsare shi daga ramuka uku. Na fari shi ne ramin 'yan damfara. A zamanin nan an sami masu wa'azi, a rediyo da talabijin da wayar hannu, masu cewa a kawo kuɗi kaza a sami buɗi, a sayi mai ko ruwa a sami warkarwa. Wannan cinikin da aka yi faɗa a kansa a 1517 ne ya sake riga. Talakan da ya san alheri kyauta ne ba zai sayar da akuyarsa don sayen abin da ba na sayarwa ba. Baiko da sadaka suna da wurinsu, amma godiya ce, ba farashi ba.

Rami na biyu shi ne girman kai. Wanda aka ɗauko a kan gadon kara aka kawo wurin maɗori ba shi da bakin yi wa wani gurgu dariya. In Kirista ya raina maƙwabcinsa, ko Musulmi ne ko Kirista ɗan wata ɗarika, yana ganin shi zaɓaɓɓe ne, to ya mai da kyauta ta zama lambar girma, ya kuwa rushe abin da ya ke taƙama da shi. Ko malaman da suka fi tsanantawa a kan zaɓe sun yi gargaɗi cewa sanin waɗanda aka zaɓa na Allah ne, ba a ba wani mahaluki littafin ya duba ba.

Rami na uku shi ne fid da zuciya, shi ne kuwa ya fi zurfi. Akwai mutumin da ya yi abin kunya, ya ci amana, ko ya lalata ƙuruciyarsa, har ya ga shi kam ya wuce gyara. In da ceto ciniki ne, da gaskiyarsa, gama ba shi da abin tayawa. Amma misalin 'yan ƙwadagon nan ya nuna har saura sa'a guda rana ta faɗi mai gona na fitowa neman ma'aikata. Tsohon da ya koyi karatu da furfura a ajin yaƙi da jahilci ya san daɗin wannan, domin shi ma an ce masa lokaci ya wuce, ga shi kuwa yau yana karanta wasiƙarsa da kansa.

Kasuwar Jega za ta ci gaba da ci bisa ƙa'idarta, haka kuwa ya kamata, domin in ba awo da farashi zalunci zai yi yawa. Mai albasa zai ƙirga buhunansa, mai gero zai cika mudunsa, mai bashi zai biya. Amma ko a cikin kasuwar, numfashin da mai taya ke taya kaya da shi, da hasken ranar da mai awo ke duba mudu da shi, ba wanda ya biya kuɗinsu. Kirista ya ce ceton ransa ma a wannan layi ya ke. Wanda ya yarda da shi da wanda bai yarda ba, dukansu suna iya auna shi da ma'auni guda: in da gaske ya karɓi kyauta, za a gani a mudunsa, da harshensa, da yadda ya ke yafe wa wanda ya ɓata masa. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya ƙara fahimta tsakanin maƙwabta.